Keken da Zai Ɗauki Dami

Kafin abin ya faru, na yi imani cewa zaɓen keken doguwar tafiya aiki ne na ilimi, wanda mutum zai zauna shi kaɗai ya gama. A sanina tambayoyin ba su da yawa: nauyin keken, faɗin tayarsa, irin ƙasar da zai taka, da abin da jikin mai hawansa zai iya jurewa. Na kuma yi imani cewa tafiyar da mutum ya shirya yi da ƙafafunsa, a cikin hutunsa, tasa ce shi kaɗai. Shekarata hamsin a lokacin, ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a lise, wato makarantar sakandare, a Mayahi, kuma ban taɓa samun dalilin shakkar ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Sha'awar daga aji ta taso. Na daɗe ina zana wa ɗalibai taswirar ƙasarmu a allo, ina nuna musu kwarin Gulbin Kaba da tuddan rairayi, alhali yawancin wuraren ta tagar mota kawai na san su. Na so in bi ƙasar a hankali, daga Gidan Amumune inda aka haife ni, in ratsa Mayahi da Tasawa, in kai Korgom, in komo. Na zaɓi Korgom ne domin ana cewa daga can kakan mahaifina ya taso, a ƙarshen ƙarni na sha tara, ƴan shekaru kafin Nasara su iso ƙasar. Amma gaskiya ban tabbata wannan ne dalilin ba. Wataƙila na ga tafiyar tana bukatar maƙura ne kawai, sunan Korgom kuwa yana kusa da bakina.

Na yi watanni ina karanta labaran mutanen da ke ƙetare ƙasashe a kan keke. Na zaci zan tarar da su a kan magana ɗaya, sai na tarar kowa da tasa. Wannan ya ce keken ƙarfe, domin ko a ƙauye za a iya gyara shi. Wancan ya ce na alminiyon, domin sauƙin nauyi. Wani ya ce taya mai faɗi ce maganin rairayi, wani ya ce ita ce ke shanye ƙarfin ƙafa. Abu ɗaya kawai suka yarda da shi: kada matafiyi ya ɗauki abin da ba dole ba. Wannan na riƙe da hannu biyu, saboda shi kaɗai ba a yi gardama a kansa ba.

A Maradi, cikin tsofaffin kekunan da ake shigowa da su daga ƙasashen waje, na sayi wani ruwan toka na alminiyon. Da hannu ɗaya nake ɗaga shi. Tayoyinsa masu faɗi ne da haƙora, kuma yana da abin sauya gudu, wanda idan an taɓa shi kacar takan koma wani faranti, hawan tudu ya yi sauƙi. Na haɗa masa jakunkuna biyu na ratayawa a gefe, da ɗan tanti, da famfo da kayan faci, da hular kwano. Na kuma sayi wani matsattsen wando da aka ce yana hana sirdi cin mutum. Sau ɗaya na gwada shi a ɗaki. Mai ɗakina ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Malam, in da wannan za ka fita, ka bari sai na tafi garinmu tukuna." Na cire shi, amma ban yar ba, domin littafi ya ce yana da amfani.

Na kai keken rumfar taubashina a kasuwar Mayahi domin ya duba birki. Ɗan wata goggona ne, mai gyaran kekuna da babura, kuma tun muna yara babu maganar da ba ya iya gaya mini a gaban mutane. Ya ɗaga keken ya jinjina, ya ajiye, ya kira ni yadda ake kiran malaman boko a wajenmu.

"Mushe, wanga keke ne ko karan dawa? Ina za ka da shi?"

"Korgom."

"Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu."

"To aure za ka ƙara, kana gudun a gan ka a tasha?"

Na yi ƙoƙarin yi masa bayani. Na ce ina so in ga ƙasa da idona, in san faɗinta da ƙafafuna.

"Ƙasar ɓacewa ta yi?" in ji shi. "Jama'a, ku zo ku ji. An kai shi jami'a ya karanta ƙasa, yanzu zai hita nemanta."

Mazauna rumfar suka yi ta dariya, har da wani dattijo da ban sani ba. Na nemi wata amsa da za ta rufe bakinsu, sai na ji na ce, "Zan je gaida danginmu na can."

Dariyar ta tsaya. Taubashina ya ajiye sifana, ya ce, "To ka ce haka mana tun ɗazu. Allah ya ba da lada." Dattijon ma ya ce amin. Na koma gida ina jin na yi dabara, kuma har yau ban iya rabe ko ƙarya na yi musu ko gaskiyar da ban san ina da ita ba ce ta fito.

Labarin ya riga ni isa Gidan Amumune, a bakin ƴan kabu-kabu. Cikin makon Goggo ta aiko in je. Ita ce autar su mahaifina, ita kaɗai ta rage a cikinsu. Idanunta sun yi rauni, amma ba a yanke wata magana a gidan ba tare da ita ba. Na tarar da ita a inuwar rumbu da hantsi, yayana, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinmu, yana zaune a gefe.

"Ɗan nan, an ce za ka Korgom."

"In Allah ya yarda, Goggo."

"Alhamdu lillahi. Ubanka ya yi ta cewa zai tahi, har Allah ya karɓi abinsa bai tahi ba. Wanga kuma," ta nuna Yaya da haɓa, "baki gare shi, ba ƙahwa."

Sai ta ba ni labarin da na sani rabi da rabi. Lokacin da kakanta ya bar Korgom neman sabuwar gona, ya fito da dami ɗaya na gero daga rumbun ubansa, ya ɗora wa jaki. Daga wannan damin aka samu irin da gidanmu ke shukawa har yau, mai doguwar zangarniya. Da zai fito ya ce wa mutanen gidansu, irin nan aro ne, za a maido. Ya rasu bai maido ba, ɗansa bai maido ba, jikokinsa ma haka, har zumunta ta yanke, ba mu san nasu ba, ba su san namu ba.

"Ni dai takarkari na ji Baba na cewa, ba jaki ba," in ji Yaya.

"Kana nan a lokacin?" ta ce masa. Ta juyo gare ni. "Za ka kai musu dami guda. Ina so in ji an karɓa kahin in bi su ubanka."

Na ce to. Sannan na tambaya ko za a sussuke shi a zuba a buhu, domin ya shiga jakar keke.

"A sussuke? Tsaba ai ko a kasuwa sun gani. Da zangarniyarsa za ka kai, su duba da idonsu, su san nasu ne ya komo."

Na ce to ko in ba direba ya sauke shi a Tasawa, in tarar da shi can.

"Kai munka aika ko direba?"

Daga nan ban ƙara tambaya ba. Ita da kanta ta sa aka fito da damma daga rumbu, tana shafa zangarniyoyin da hannu tana ware masu kyau, aka ɗaure su da igiyar kaba. Da na gwada ɗaga damin sai na gane ya fi kekena da jakunkunansa da tantinsa nauyi, kuma tsawonsa ya kusa faɗin ƙofar zaure.

Yaya ya rako ni waje. Shi a ganinsa maganar keken ce ba ta da kai. Ya ce mutum mai furfura, ma'aikacin gwamnati, in aka gan shi yana haki a kan keke a ƙauyukan mutane, abu biyu za a ce: ko an kore shi daga aiki, ko kansa ya taɓu. Ya ce zai nemo mini ɗan kabu-kabu mai hankali, in fita da safe in isa da rana, da rigata fes. Na ce masa tafiyar keken ita ce asali, gaisuwar daga baya ta shigo. Ya dube ni kamar na yi saɓo. Da na ambaci tanti kuwa, ransa ya ɓaci sosai.

"A garin da ke da masallaci da zaure za ka kahwa rumhwar leda ka kwana? Ka gaya wa duniya gidanmu ba ya da mutunci, ba wanda zai sauke ɗansa?"

Na koma Mayahi da damin a bayan babur, da tambaya guda da babu ita a duk abin da na karanta: wane keke ne zai kai damin gero Korgom ba tare da ya zube ba, kuma ya bar mai shi ya yi tafiyar da ya yi niyya?

Mun fara da ruwan tokan. Mazaunin kayansa na baya siriri ne, an yi shi domin jakunkuna biyu marasa nauyi. Taubashina ya ce wannan ba matsala ba ce, zai ƙera wani na rodi ya yi masa walda a jikin keken. Na ce masa na karanta cewa alminiyon ba ya karɓar irin waldarsu. Ya ce ƙarfe ƙarfe ne, kuma shi bai taɓa ganin littafi ya riƙe wuta ba. Da na tsaya a kan maganata da ban bari ba, amma ban tuna daidai inda na karanta ba, kuma shi yana magana da ƙarfin zuciya irin wanda ni ban taɓa samu ba. Muka kai wa mai walda. Da wuta ta taɓa keken sai wurin ya narke, ya bar rami kamar an huda da yatsa.

Muka tsaya muna kallon ramin.

"Keken ne ba ya da asali," in ji taubashina.

Ya rufe ramin da guntun ƙarfe da ƙusoshi, ya ɗaure sabon mazaunin da waya da igiyar roba. Muka ɗora damin a gicciye, na hau a bayan kasuwa. Ban yi nisa ba gaban keken ya fara ɗagawa kamar doki mai tabariya, damin yana rinjayar dama da hagu. Na ji wata wayar ƙafar keken ta baya ta tsinke, sannan ta biyu. Na sauka na duba ƙasa, sai ga ƙwayoyin gero a kan sawun tayata, kaji har sun fara bi. Wannan ya tsorata ni fiye da wayoyin. Keke ana gyarawa, amma Goggo da hannunta ta zaɓi zangarniyoyin nan.

Yaya ne ya kawo maganar baƙin keke, ko da yake ba domin ya taimaki tafiyata ba. Na je in gaya masa halin da ake ciki, sai ya ce, in dai na rantse sai na wahalar da kaina, to in yi da abin da mutane suka sani. Keken mahaifinmu yana rataye a rufin zaure tun rasuwarsa. Baƙi ne, na ƙarfe zalla, birkinsa na sanda, sirdinsa mai faɗi a kan ƙarafa masu lotsawa, mazaunin kayansa kuwa ya sha ɗaukar buhun wake zuwa kasuwa. Ba shi da abin sauya gudu. Gudunsa ɗaya ne, na ƙafar mai shi. Yaya ya ce da yawo zan tafi ba zai sauko da shi ba, amma tunda gaisuwa ce, keken ma yana da hakki a ciki, domin mai shi ya yi niyya bai samu zuwa ba.

Taubashina ya sa masa sababbin tayoyi, ya wanke kaca da kananzir. Muka ɗora damin, ya zauna daram. Na hau a kan burji, keken ya tafi a natse, ko girgiza babu. Na yi murna har na ratse zuwa hanyar amalanke, irin wadda na yi niyyar bi tsakanin ƙauyuka. Nan take siraran tayoyinsa suka nutse a rairayi, na tsaya cik, na sauka ina turawa. A daidai wannan wurin, ranar da na fara sayo ruwan tokan, wucewa na yi a zaune ina jin daɗin kaina.

Na yi kwanaki da kekunan biyu a jingine a tsakar gida, ina fita ina dubansu. Ɗaya yana bin hanyar da nake so amma ba ya ɗaukar saƙon. Ɗayan yana ɗaukar saƙon amma ba ya bin hanyar. Na tambayi taubashina ko za a cire faffaɗan tayoyin wancan a sa wa wannan; muka gwada, ba su shiga ba. Ya ba ni shawara in hau ɗaya in ja ɗaya, kuma har yanzu ban san ko da gaske yake ba. Na yi tunanin in kai damin a babur, in komo in yi tafiyata daban a wani hutun. Wannan ita ce shawarar hankali, kuma na kasa gane abin da ya hana ni ɗaukarta. Na gaya wa kaina cewa ina so in bi sawun kakan mahaifina ne, sai na tuna babu wanda ya san ta inda ya biyo, ba a ma daidaita a kan dabbar da ya koro ba. Na gaya wa kaina taurin kai ne kawai, kada Yaya ya ce ya faɗa. Wannan ya fi kama da gaskiya, amma shi ma bai cika ba.

Ban yanke shawara ba, a yadda nake fahimtar yanke shawara. Hutu ya zo, Goggo ta aiko tana tambaya ko na tafi, sai na ga ina ɗaure damin a bayan baƙin keke.

Sauran kayan su ma kusan da kansu suka zaɓi kansu. Jakunkunan gefe ba su zauna a ƙarƙashin damin ba, na bar su. Tantin ya tafi tare da su, kuma ban gaya wa Yaya cewa rashin wuri ne ya sa ba. Na naɗe damin da tabarma, wadda za ta zama shimfiɗata da abin sallata, kawunan zangarniya suna leƙowa ta gefe biyu. Na rataya buta a kan keke, da bidon, wato jarkar ruwa, wanda mai ɗakina ta ɗinke a cikin tsumman buhu domin a jiƙa shi ya yi sanyi. Famfo da kayan faci suka shiga aljihu. Hular kwano na sa ta har bakin gari, zufa ta cika mini ido, na musanya ta da malfa. Matsattsen wandon kuwa na sa shi a ƙarƙashin wandona, inda ba mai gani, kuma a cikin duk abin da na saya shi kaɗai ya yi aikin da aka ce zai yi.

Na sa aka kai keken da damin Gidan Amumune, daga ƙofar gidanmu na tashi. Inda akwai burji na hau, inda rairayi ne na tura, kuma turawar ta fi hawan yawa. Ban ga ƙasar yadda na zata zan gan ta ba. Idona yana kan ƙaya, kunnena yana baya, ina sauraren ko igiya ta saki. In na tsaya salla sai na nemi inda zan jingina keken nesa da awaki. Amma babu wanda ya ɗauke ni korarre ko mahaukaci. Mutum da dami a bayan keke abu ne da kowa ya gane. Tambayar kawai ita ce ina za a kai shi.

A nan wata matsalar ta fito, wadda ban hango ba. Duk gidan da aka sauke ni, in na ba da labarin damin, sai maigidan ya zaro zangarniya ɗaya ya auna da damtsensa, ya yaba, ya ce ko zan bar masa ita ya gwada a gefen gona. Mutumin da ya ba ka ruwa da tuwo da wurin kwana, ba ka hana shi zangarniya. In zan tafi kuma sai a kawo guzuri, ƙullin gyaɗa ko wake, a wani gida har da zabo a ɗaure, kuma shi ma ba a mayarwa. Kayana suna ƙaruwa, saƙona yana raguwa. Bayan Tasawa na fara ba da labarin a gajarce, ina cewa saƙo ne kawai, amma sai na ji kamar ina ɓoye abin da ba nawa ba. Na riƙa ƙara ɗaure igiyar tana ƙara yin sako-sako, ina tambayar kaina daga wane matsayi ne dami yake daina zama dami.

Na isa Korgom da la'asar, ina tura keken. Na yi tambaya da sunan kakan mahaifina da na ubansa, aka yi ta miƙa ni daga zaure zuwa zaure, har aka kai ni wurin wani tsoho da ke gyaran igiya a ƙofar gidansa. Na gaishe shi, na faɗi ko ni wane ne da wanda ya aiko ni. Ya saurara bai katse ni ba. Na kwance tabarmar, kunya ta kama ni, domin abin da ya rage bai fi rabin abin da Goggo ta ɗaura ba, wasu zangarniyoyin ma gefensu ya goge.

Ya ɗauki ɗaya ya juya ta. Ya sa aka kira ƙanensa, shi ma tsoho, aka kuma zaro zangarniya daga rumbunsu aka jera su a kan tabarma. Tasu ta fi gajarta, ta fi kauri.

"Shi ne," in ji ƙanen. "Dubi wuyanta."

"Ba shi ba ne. Namu bai taɓa yin tsawo haka ba."

"Ƙasarsu ce ta ja shi."

"Kai dai tun kana yaro ba ka san gero ba sai a cikin hura."

Suka yi ta yi, ni ina tsugune ban san wanda zan goyi baya ba. Na tambaya ko sun san labarin wanda ya tafi da jaki, ko takarkari.

"Wane jaki?" in ji babban. "Mu abin da munka ji, da ƙahwa ya hita, da kayansa a kai. Gidan nan ba su da jaki a lokacin." Sannan ya ƙara da cewa, "Maganar aro kuma ban taɓa jin ta ba."

Na fara shirya yadda zan gaya wa Goggo. Sai tsohon ya miƙe, ya zagaya baƙin keken, ya danna sirdin, ya dubi ƙafafuna da suka yi futu-futu.

"Daga Gidan Amumune ka turo wanga?"

"Wani wuri na hau, Baba."

"Da mota a duniya." Ya girgiza kai. "Wanga wauta tamu ce. Ku shigar da shi ciki, ku ba shi ruwa."

Ya tattara zangarniyoyin da kansa, ya ɗaure, ya sa aka rataye su a cikin rumbu, daban da nasu. Ya ce za a shuka su a gefen gona, damina ta raba gardama. Na kwana biyu a gidan, ana ta kawo mutane suna ganina. Ranar da zan tafi na tarar an riga an ɗaure wa keken kaya: cikakken dami na geronsu, wanda ya fi wanda na fito da shi girma. Na ce Baba, hanya da nisa, ga rairayi. Ya ce ai keken ya saba, kuma in gaya wa tsohuwa aro ne.

Na komo da shi yadda na je, sai dai wannan karon na rufe kawunan da buhu. Goggo ta sa aka ajiye damin a gabanta, ta shafa zangarniyoyin ɗaya bayan ɗaya. Na gaya mata duk abin da aka yi, har da gardamar tsofaffin da maganar jakin, ban rage komai ba.

"Sun karɓa?"

"Sun karɓa, Goggo."

"To. Maganar jaki kuma ba su sani ba."

Ruwan tokan yana rataye a rufin zauren Gidan Amumune, a inda baƙin yake a da. Baƙin yana wurina a Mayahi, kuma tun daga shekarar, bayan kowace kaka, ni nake kai dami Korgom in komo da wani.